Tambayoyi da Amsoshi Kan Karatun Tarihin Turkawa da Mongolawa da Hanyoyin Fataucinsu

Yawancinmu ta ƙofa biyu muka shiga wannan tarihi: ko dai wa'azin da aka yi mana kan yadda Tattar, wato Mongolawa, suka rusa Bagadaza, ko kuma finafinan Turkiyya da ake kallo a waya. Dukkansu ƙofofi ne, amma gidan ya fi su faɗi nesa ba kusa ba. Na tattara tambayoyin da ɗalibai da masu sha'awar karatu suka fi yi mini, na amsa kowace gwargwadon nauyinta.

Malam, idan an ce Turkawa, ba mutanen ƙasar Turkiyya ake nufi ba?

Su ma suna ciki, amma reshe ɗaya ne na babbar bishiya. Mutanen Uzbekistan da Kazakistan da Kirgistan da Turkmenistan da Azarbaijan, da Uigurawan yammacin Sin, da Tatar da Bashkir na bakin kogin Bolga, har da Yakut na can ƙuryar Saiberiya inda ƙanƙara ba ta narkewa a ƙarƙashin ƙasa, duk harsunansu 'yan gida ɗaya ne. Daula ta farko da ta kira kanta da sunan Turk ta kafu ne a shekarar 552, a ƙarƙashin wani sarki Bumin, kuma cibiyarta tana cikin ƙasar da ake kira Mongoliya a yau. Ƙasar Turkiyya ta yanzu kuwa a lokacin ta Rumawa ce. Sai bayan yaƙin Manzikart a 1071, da Sarkin Saljuƙawa Alp Arslan ya kama Sarkin Rum da ransa, sannan Turkawa makiyaya suka fara kwarara cikinta da dabbobinsu.

To, su da Mongolawa dangi ɗaya ne?

Maƙwabta ne da suka daɗe suna cuɗanya. Sun yi kiwo a fili ɗaya, sun yi auratayya, sun ari kalmomi daga juna, kuma kafin addinan waje su iso duka suna bauta wa Tengri, wato sama. Harshen Mongol dai daban yake da na Turkawa, mai jin wannan ba ya jin wancan. Abin da ke rikita mai karatu shi ne rundunar Cingis Khan, wanda ya kafa daular Mongolawa, cike take da Turkawa, kuma jikokinsa da suka yi sarauta a yamma, bayan 'yan tsararraki, Turkanci suka koma yi. Ko sunan Tattar da littattafan Larabci suka laƙaba musu akwai abin lura a cikinsa: Tatar wata ƙabila ce da ke gaba da gidan Cingis, su ne suka sa wa mahaifinsa guba, shi kuma ya murƙushe su. Sunan maƙiyin ne ya bi wanda ya ci nasara.

Ta ina ya kamata in fara?

Fara da taswira, tun kafin littafi. Nemo koguna biyu, Amu Darya da Sir Darya, waɗanda Larabawa ke kira Jaihun da Saihun. Ƙasar da ke tsakaninsu ita ce Ma Wara'an Nahar, inda Bukhara da Samarƙand suke. Nemo duwatsun Altai da Tiyan Shan, da hamadar Gobi da ta Taklamakan. Sannan ka bi da yatsa wannan doguwar shimfiɗar ciyawa da ta taso daga Mongoliya ba ta tsaya ba sai Hangare. Wanda ya gane cewa arewa fili ne na makiyaya, kudu kuma garuruwa ne na manoman rani da masu sana'a, kuma kowanne yana buƙatar abin hannun ɗan'uwansa, ya riƙe bakin zaren. Makiyayi na son hatsi da tufafi da ƙarfe, ɗan birni na son doki da fata da tsaron hanya. In ciniki ya tafi daidai a zauna lafiya, in an rufe kasuwa a ji sukuwar dawaki.

Bayan taswira, ɗan ƙaramin littafin David Morgan kan Mongolawa, wanda ya fito a 1986, ya isa mafari ga mai karanta Turanci. Gajere ne, kuma babinsa na farko kan tushen labaran yake, wanda shi ne abin da na fi so mai farawa ya sani. Rubuce-rubucen Peter Golden su ne madogara kan asalin Turkawa. Mai Larabci kuma ya nemi fassarar littafin Barthold kan Turkistan. Da nauyi, amma har yau ba a daina komawa gare shi ba.

Ashe makiyaya ma suna da rubutu? Na ɗauka duk abin da aka sani daga bakin wasu ne.

Wannan tambaya tana faranta mini rai, domin amsarta ce ta sa na kamu da son wannan fanni. A kwarin kogin Orkon a Mongoliya akwai dogayen duwatsu da aka sassaƙa wa rubutu a shekarun 732 da 735, domin tunawa da Kul Tegin da yayansa Bilge Kagan, sarkin Turkawa. An daɗe ana kallon rubutun ba a iya karantawa, sai a 1893 wani malami ɗan ƙasar Denmak, Vilhelm Thomsen, ya warware shi. A jikin dutsen sarki yana magana da mutanensa kai tsaye. Yana gargaɗinsu cewa maganar mutanen Sin zaƙi gare ta, alharininsu kuma laushi gare shi, da haka suke jawo na nesa su matso kusa, in sun matso su halaka. Makiyayi ne ke faɗin yadda yake kallon birni, da bakinsa, ba ta bakin ɗan birni ba.

Bayan shekara ɗari uku da wani abu, Mahmud al-Kashgari ya zauna a Bagadaza, wajen 1072 zuwa 1074, ya rubuta Diwanu Lugatit Turk domin koya wa Larabawa Turkanci. Ƙamus ne, amma ya cika shi da karin magana da baitocin waƙa da sunayen ƙabilu da tambarin da kowace ke yi wa dabbobinta, har da taswirar duniya da ya sa garin Balasagun a tsakiyarta. Kwafi ɗaya tak ya tsira, yana Santambul.

Su kuma Mongolawa suna da littafin da ake kira Asirtaccen Tarihin Mongolawa, na ƙarni na 13. Ba littafin kirari ba ne. A ciki za ka ga Temujin, wanda daga baya ya zama Cingis Khan, yaro maraya da dangi suka yasar, uwarsa Ho'elun tana tonon saiwoyi tana ciyar da su. Za ka ga ya kashe ɗan ubansa a kan rigimar abin farauta, uwar ta yi masa faɗa mai zafi. Za ka ga mahara sun sace matarsa Borte ya gudu ya bar ta, sai daga baya ya nemi taimako ya ƙwato ta. Mutanen gida ne suka rubuta don mutanen gida, shi ya sa ba a ɓoye waɗannan ba.

Me ya sa wani littafi zai ce Mongolawa annoba ne, wani kuma ya ce su suka haɗa duniya? Wa zan gaskata?

Kafin ka karanta abin da marubuci ya ce, tambayi inda yake zaune da kuma wanda ke ba shi abinci. Ibnul Asir a Mausil yake, labarin 'yan gudun hijira yake ji, kuma shi da kansa ya faɗa cewa ya yi shekaru yana kauce wa rubuta wannan musiba saboda girmanta. Ya rasu a 1233, bai ga faɗuwar Bagadaza ba. Juzjani ya tsere zuwa Indiya ya yi rubutunsa a Delhi, cikin mutanen da Mongolawa suka raba da gidajensu. Juwaini kuwa ma'aikacin Mongolawa ne, ya je babban birninsu Karakorum, ya raka Hulaku, jikan Cingis, yaƙi, daga baya aka ba shi riƙon Bagadaza kanta. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Za ka ga yana yabon iyayen gidansa, amma in ka karanta yadda ya siffanta abin da ya sami Bukhara da Marwa da Naisabur, za ka ji zuciyar mutumin Khurasan tana kuka a ƙarƙashin yabon. Rashiduddin waziri ne na sarakunan Mongol na Farisa bayan sun musulunta, ya sami damar tambayar dattawan Mongolawa, har da wani babban jami'i Bolad da ya zo daga Sin. Littafinsa Jami'ut Tawarikh ya haɗa tarihin Sin da Indiya da Turawa, abin da ba a taɓa yin irinsa ba kafin shi. An kashe shi a 1318 bisa makircin fada.

Game da alƙaluma, ka yi hattara. A kan kisan Marwa kaɗai, Ibnul Asir ya ce dubu 700, Juwaini ya ce sama da miliyan 1 da dubu 300. Waɗannan lambobi harshen firgici ne, ba ƙidaya ba. Amma kada wannan ya sa ka faɗa ɗaya ramin. Akwai littattafan zamani masu daɗin karatu da suka mai da Cingis Khan kamar wani mai kawo ci gaba, suka ratsa ta kan gawarwaki da sauri. Ni ban yarda da wannan ba. An kashe mutane ba adadi, an bar magudanan ruwan noma sun lalace, akwai garuruwan da ba su sake komawa yadda suke ba. Kuma gaskiya ne cewa bayan haka fatauci ya bunƙasa. Mai karatu na ƙwarai yana riƙe biyun a hannu ɗaya. Littafin Peter Jackson na 2017 kan Mongolawa da duniyar Musulunci ya yi wannan adalcin.

Ita Hanyar Siliki da ake ta faɗa, daga ina ta taso, ina ta tsaya?

Fataken da suka bi ta ba su san ta da wannan suna ba. Wani Bajamushe masanin ƙasa, Ferdinand von Richthofen, shi ya yayata sunan a 1877. Ba hanya ɗaya ba ce, hanyoyi ne da ke rabuwa suna haɗuwa: wata ta bi arewacin Taklamakan ta Turfan da Kuca, wata ta bi kudu ta Khotan, su haɗu a Kashgar, su haura duwatsu zuwa Fargana da Samarƙand. Wata kuma ta bi filin ciyawa zuwa Bolga da Bahar Aswad. Da wuya ayari ɗaya ya tashi daga Sin ya kai Rum. Kaya ne ke tafiya hannu zuwa hannu, kowane madugu da iyakar zangonsa, kowane gari da dillalansa da masu masaukinsa.

Kafin Musulunci ya kafu a yankin, fataken da suka riƙe wannan harka su ne Sogdawa, mutanen Samarƙand da Bukhara masu harshe ɗan'uwan Farisanci. Su ne marubutan sarakunan Turkawa da jakadunsu. A 568 wani Basogde mai suna Maniyak ya jagoranci tawagar Turkawa har Kustantiniyya don neman kasuwar alharini. Turkawa na da doki da kibiya, Sogdawa na da alƙalami da sikeli.

Kuma alharini ba shi kaɗai ba ne, wani lokaci ma shi ne kuɗin. Uigurawa a ƙarni na 8 suna kai wa Sin dawaki, ana biyansu wajen turmi 40 na alharini a kan doki ɗaya. Ana safarar takarda, da miski, da fatun dabbobin ƙasashen sanyi, da azurfa, da bayi. Dirhamin da aka buga a Samarƙand da Tashkent a ƙarni na 10 ana tono shi dubbai a ƙasar Suwidin. Ta kogin Bolga ya bi, hanyar da Ibn Fadlan ya je ya gani da idonsa a 922 lokacin da Halifa Muƙtadir ya aike shi wurin Sarkin Bulgar.

Yaya mutanen da suka ƙone birane za su zama abokan fatake?

Yaƙin Mongolawa da ƙasashen Musulmi ma a kan ayari ya fara. A 1218 Cingis Khan ya aika fatake wajen 450, kusan duka Musulmi, zuwa ƙasar Khwarizm. Hakimin garin Otrar ya ce 'yan leƙen asiri ne, ya kashe su ya kwashe kayan. Cingis ya tura jakadu neman a miƙa masa hakimin, Sarkin Khwarizm Muhammad ya kashe ɗaya ya wulaƙanta sauran. Shekarar 1220 ba ta ƙare ba sai da Bukhara da Samarƙand suka faɗi.

Makiyayin da ya tara ganima yana buƙatar wanda zai juya masa ita. Sai sarakuna da matansu suka riƙa ba fatake jari, a yi ciniki a raba riba, irin abin da malaman fiƙihu ke kira ƙiradi. Su suna kiran irin wannan abokin hulɗa ortok. Ogedai, ɗan Cingis, ya tsara zangon aike da ake kira yam, inda ɗan saƙo zai sauya doki ya ci abinci ya wuce, ya kuma sa aka haƙa rijiyoyi a inda babu ruwa. Mai tafiya da izinin sarki yana rataye da wani allo na itace ko azurfa ko zinariya, paiza, wanda ke buɗe masa hanya. Sai dai nauyin ciyar da waɗannan zangon a kan talakawan gefen hanya yake, kuma sun sha wuya. Ba kuma kowace dabara ce ta karɓu ba: a 1294 an gwada kuɗin takarda irin na Sin a Tabriz, 'yan kasuwa suka rufe rumfuna, cikin wata biyu aka janye.

Yaushe suka musulunta?

Turkawa sun riga da nisa. Sarkin Ƙarakhanawa Satuk Bugra Khan ya musulunta a ƙarni na 10, Saljuƙawa suka shiga Bagadaza a 1055 a matsayin masu kare halifa, kuma a makarantar Nizamiyya da wazirinsu Nizamul Mulk ya gina ne Imam Gazali ya karantar. A cikin makiyaya, fatake da shehunan ɗariƙa irin su Ahmad Yasawi sun fi takobi aiki.

Mongolawa kuwa, bayan Hulaku ya ci Bagadaza a 1258, wato 656 ta Hijira, ya kashe Halifa Musta'asim, ɗan baffansa Berke da ke sarautar arewa ya riga ya musulunta. Ya ƙulla abota da Masar, ya yaƙi Hulaku a 1262, ko da yake rigimar makiyaya a Azarbaijan ma tana cikin dalilan. Gazan, sarkin Mongol na Farisa, ya musulunta a 1295, amma bai fasa kai wa Sham hari ba, kuma a wannan hali ne Ibn Taimiyya ya fita ya gana da shi. Wanda ya san wannan zai fi fahimtar fatawoyin Shehin kan Tattar, musamman in ya tuna cewa yana yaro iyayensa suka gudu da shi daga Harran saboda su. Waɗanda suka zauna a gabas kuma addinin Buda suka bi, har yau shi ne rinjaye a Mongoliya.

Akwai wani abu a wannan tarihi da ya taɓa ƙasashenmu?

Akwai, kuma ta Masar da Tarabulus ya biyo. Waɗanda suka tare Mongolawa a Ainu Jalut cikin azumin 1260 Mamalik ne masu mulkin Masar, yaran Turkawan Kipcak da aka sayo bayi daga arewacin Bahar Aswad aka horar da su soja. Baibars, wanda ya zama Sarkin Masar, ɗaya ne daga cikinsu. Lokacin da Mansa Musa ya sauka Alƙahira a 1324 kan hanyar hajji, sarkin da ya tarbe shi, Nasir Muhammad, ubansa Ƙalawun Bakipcake ne da aka saya dinari dubu, uwarsa kuma 'yar Mongolawa ce. Alhazan Yammacin Afirka sun yi fiye da shekara 250 suna ratsa ƙasar da irin waɗannan sarakuna ke mulki.

Ibn Batuta ma ya haɗa mu da su a littafi ɗaya. Mutumin da ya zauna a sansanin Uzbek Khan, sarkin Mongolawan Bolga, ya ga yadda ake kora dawaki dubbai zuwa kasuwar Indiya, shi ne a 1353 ya sauka Takedda a ƙasar Nijar ta yau, ya ambaci jan ƙarfen da ake kaiwa Gobir da Barno. Daga baya, a zamanin Mai Idris Aloma, Barno ta yi musayar jakadu da Sarkin Santambul Murad na Uku a shekarun 1570, kuma limaminsa Ahmad bin Fartuwa ya ambaci Turkawa 'yan bindiga a rundunar Mai.

Fim ɗin Ertugrul fa, tarihi ne?

Mutumin ya rayu. Akwai kuɗin da ɗansa Usman, wanda ya kafa daular Usmaniyawa, ya buga ɗauke da sunan uban. Zamanin ma gaskiya ne: Saljuƙawan Rum, da matsin Mongolawa, da ƙaurar ƙabilu zuwa yamma. Sauran kusan duka ƙirƙirar marubutan fim ne, domin labaran farko na Usmaniyawa an rubuta su ne fiye da shekara 100 bayan rasuwarsa. Ka kalla in kana so, amma kada ka kafa hujja da shi.

Me littattafan ke cewa kan rayuwar yau da kullum, musamman mata?

A nan matafiya sun fi marubutan fada amfani. Wani limamin Kirista, William na Rubruk, da ya kai Karakorum a 1254, ya bayyana yadda ake ɗora bukkar ulu a kan amalanke, yadda mata ke tuƙa amalanken su kafa gida su sauke, yadda ake kaɗa nonon goɗiya har ya yi tsami a sha. Ya ƙirga masallatai biyu da coci ɗaya da ɗakunan gumaka goma sha biyu a garin. Ibn Batuta ya yi mamakin girman da Turkawa ke ba matansu, har sarki kan miƙe ya tarbi matarsa a gaban jama'a. Toregene, matar Ogedai, ta riƙe daular Mongol baki ɗaya daga 1241 zuwa 1246. Sorkoktani, uwar Mongke da Kublai da Hulaku, Kirista ce, amma ta ba da dukiya aka gina madarasa a Bukhara.

Akwai kuma inda al'ada ta yi karo da addini. Mongolawa ba sa zubar da jinin dabba a ƙasa in za su ci, kuma suna ƙin a yi wanka a ruwa mai gudu. Ka duba yadda wannan zai zame wa Musulmi mai yanka da alwala. Cagatai, ɗan Cingis, ya tsananta a kai, Kublai, sarkin Mongol na Sin, shi ma ya hana yankan Musulunci a 1280, sai da fatake Musulmi suka rage zuwa, kuɗin shiga ya ja baya, sannan aka sassauta.

Sunayen suna rikita ni. Yaya zan yi?

Mutum ɗaya ne Jankiz na Larabci da Cingis na Mongol da Genghis na Turanci. Haka Hulaku da Hulegu, haka Taimur Lang da Tamerlane, wanda Ibn Khaldun ya gana da shi a bayan ganuwar Dimashƙa a 1401. Mughal na Indiya ma kalmar Mongol ce a bakin Farisawa, ko da yake Babur da ya kafa daular a 1526 da Turkanci ya rubuta tarihin rayuwarsa. Ka sami takarda ɗaya ka zana 'ya'yan Cingis huɗu daga Borte: Joci, Cagatai, Ogedai, Tolui. Zuriyar Joci suka riƙe arewa da Bolga, ta Cagatai tsakiya, gidan Tolui ya riƙe Sin ta hannun Kublai da Farisa ta hannun Hulaku, gidan Ogedai kuma sarauta ta kuɓuce masa a 1251. Duk sunan da ka ci karo da shi, ka nemo reshensa ka rubuta shi a wurin, ka ninke takardar ka bar ta a cikin littafin.